Wasiƙar da Yaya Ngo Ta Ɓoye a Ƙarƙashin Bulo

A cikin duk masu zuwa neman takalmi a rumfata, Fok Yuet-ngo, wadda muke kira Yaya Ngo, ita ce kaɗai ba ta taɓa damuwa da ko zai shiga ƙafarta ba. Ita dai ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta buga a tafin hannu sau biyu. In ƙarar ta yi mata, sai ta ce, "Kuen, sa masa ƙusa uku a dunduniya. Na wancan satin kamar da miyau ka liƙa shi."

Rumfata tana bakin lungu, taku goma sha biyu daga inda take zama a ƙarƙashin gadar sama ta Wan Chai, ita da sauran tsofaffin mata huɗu da sana'arsu ita ce dukan mugu. In shugabanka a wurin aiki ya hana ka sakat, ko wata ta ɗauke miki miji, ko maƙwabcin bene yana jan kujera a saman kanka, sai ka zo ka zauna a 'yar kujerar roba ka rubuta sunansa a jikin ɗan mutum na takarda. Yaya Ngo ta ɗora shi a kan bulo, ta kunna turare, ta yi ta zabga masa takalmi tana jera masa zagi har ya yage, sannan ta cusa shi a bakin damisar takarda ta ƙone. Na taɓa tambayarta ko abin yana kama mutum da gaske. Ta ce, "Ka taɓa ganin wanda ya tashi daga kujerar nan fuska a murtuke? To me kuma kake tambaya?"

Tana da shekara goma sha tara ta tsallako daga ƙauye ta shigo Hong Kong. Ta yi aikin dasa gashi a kan 'yan tsana a masana'anta har idonta ya gaji, ta auri wani direban tarago ɗan gidan Shum, mutum mai shiru wanda ya yi shirunsa har ya mutu da wuri. Ya bar mata ɗaki ɗaya a hawa na tara, da 'ya ɗaya, da dangin miji masu yawa.

'Yar ita ce Bik-wan. Ɗinkin kayan 'yan makaranta take yi. Tana ƙarama kunyar sana'ar uwarta take ji, in ta biyo da ƙawayenta sai ta tsallaka titi. Da ta girma, ita ce ke yanka wa uwar mutanen takarda da almakashinta na ɗinki, tana yi musu manyan kunnuwa don dariya. Kullum da rana ta kawo shinkafa da kifi a kwano, ta ajiye mini nawa a kan teburin aiki ta ce, "Kawu Kuen, ka wanke hannu tukuna, warin ƙafar rabin gari yana jikinka."

Tana da shekara arba'in da ɗaya, a watan ƙarshe na shekara, ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. Asibitin gwamnati ya ba ta rana, biyar ga watan farko na sabuwar shekara. A wurin cin abincin rufe shekara ta ambaci zancen. Ƙanwar mahaifinta tana wurin, Shum Kam-fung, wadda kowa ke kira Goggo ta Uku, macen da ko farce ba ta yankewa sai ta duba littafin ranaku masu sa'a da marasa sa'a. Ta ajiye tsinkayen cin abinci ta ce, "Asibiti a watan farko? So kike ki jawo wa kanki jinya har ƙarshen shekara? Ki bari wata ya fita, 'yata, wata ɗaya ne kacal."

Bik-wan ta buga waya ta ɗage ranar. Layin asibitin gwamnati kuwa, in ka fita daga cikinsa, can ƙarshe za ka koma. Sabuwar ranar ta faɗo wata huɗu gaba. Da aka yi hoto aka ce sai tiyata, sai ga watan bakwai ya kama, watan da fatalwa ke yawo, wanda ba mai yarda a sa masa wuƙa a cikinsa. Aka sake jira. Da likitoci suka buɗe, sankarar ta riga su nisa, kuma suka tarar da wata a ƙwan mahaifa. Bik-wan ta ja shekara ɗaya da rabi kafin ta rasu. Kwanon shinkafar ya daina zuwa tun kafin nan.

Kwana arba'in da tara kujerar Yaya Ngo tana jingine da ginshiƙin gada. Ranar da ta dawo ba ta gai da kowa ba. Ta zauna, ta zaro mutanen takarda biyu. A ɗaya ta rubuta sunan cutar, a ɗaya ta rubuta Shum Kam-fung. Ta yi musu dukan da ban taɓa jin irinsa ba, har tantabarun gada suka watse. Tun daga ranar kullum safiya da su take buɗe aiki, kafin ta karɓi kowa, kuma ni nake ji a jikina, don takalmin da yakan yi wata yanzu kwana goma ya gama.

Wata tsohuwar nas mai suna Lok, daga ƙungiyar matan da suka yi fama da cutar, ta zo rabon takardu a ƙarƙashin gada. Ta miƙa wa Yaya Ngo ɗan kintinkiri ruwan hoda. Yaya Ngo ta riƙe shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Abin da ya cinye mini 'ya kuke ɗaura wa kintinkiri? Biki zai je?"

Nas Lok ta ce, "Ni mamana ɗaya ya cinye, Yaya. In kin san hanyar da ta fi ciwo a gare shi, faɗa mini in bi."

"Me ya fi tsoro?"

"A gan shi da wuri."

Yaya Ngo ta juya takalmin da ke hannunta. Washegari ta kafa doka. Duk macen da ta kai arba'in, in tana son a daki maƙiyinta, sai ta nuna takardar gwajin mama, ko takardar da ke nuna an ba ta rana. Ta ajiye gwangwanin biskit kusa da turare, rabin kuɗin kowane duka a ciki yake faɗawa, ƙarshen wata Nas Lok ta kwashe don biya wa matan da ba su da hali.

Na sha dariya a rumfata. Wata mai jakar fata ta zo da hoton sakatariyar mijinta.

"Ina takardarki?"

"Wace takarda? Goggo, ni wannan karuwar na zo a dakar mini."

"Za a dake ta, har kunnenta ya toshe. Amma in kika mutu baɗi, wa zai kwana a gadonki? Wa zai sa 'yan kunnenki? Ita. Je ki yi gwaji, ki daɗe a duniya ki hana ta sakat."

Matar ta tafi tana zagi. Bayan sati biyu ta dawo da takarda, aka yi wa sakatariya duka na musamman da takalmin soja.

Kafin shekara ta zagayo, sauran matan huɗu duk sun bi dokar, don Yaya Ngo ta ce duk wadda ta karɓi wadda ta koro, sunanta zai hau bulo. Gwangwani ya zama biyar. Mata uku da na sani an gano musu abin tun yana ƙarami. Ɗaya ta kawo gasasshiyar dinya don godiya, Yaya Ngo ta ce, "Uku. Ya ɗauke mini ɗaya, na ƙwace masa uku. Ban ƙoshi ba."

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce muku ga jaruma. Amma ni na san abin da ke ƙarƙashin bulon.

Wata rana ruwan sama ya malalo ƙarƙashin gada, na je taya ta kwashe kaya. Da na ɗaga bulon sai ga ambulan a cikin leda, da hatimin asibiti. Ta fizge, amma na tsaya mata a kai har ta faɗa. Kafin Bik-wan ta rasu likita ya ɗebi jininsu su biyu. Irin cutar nan ce da ake gado, ta mama da ta ƙwan mahaifa tare. An samu alamar a jinin Bik-wan, ba a samu a na uwar ba. Ke nan daga wajen uba ta zo. Likita ya rubuta wasiƙa ga matan gidan Shum, su zo a gwada su kyauta, don wadda ke ɗauke da abin a riƙa sa mata ido tun kafin ya taso.

Na ce, "Yaya Ngo, wannan ai ta Goggo ta Uku ce."

"Ta jira. Ita ce gwanar jira."

"Tana da 'ya'ya mata biyu fa."

"Na iya ƙirga."

"Ƙaramarsu, Suk-han, ita ce ta riƙe miki lema ranar jana'iza."

"Kuen, ɗinka takalmi. In ina son wa'azi na san hanyar gidan ibada."

Ta mai da wasiƙar, ta ɗora bulo. Kullum safiya tana dukan sunan matar a saman takardar da za ta iya cetonta. Duk sanda na kawo mata takalmi sai na yi maganar. Wani lokaci ta ce gobe, wani lokaci ta ce bayan biki, wani lokaci ta nuna ni da dunduniya. Ni kuma, in faɗi gaskiya, na san gidan Goggo ta Uku, tasha huɗu ce a tarago, amma ban je ba. Na ce zancen dangi ne. Haka wasiƙar ta cika wata ashirin da biyu a ƙarƙashin bulo.

Ranar da ƙwari ke farkawa, farkon bazara, ita ce babbar ranar dukan mugu. Layi ya zagaya ginshiƙai har ya toshe mini rumfa, hayaƙin turare kamar gobara. Wajen sha ɗaya na safe na hango wata tsohuwa a layin Goggo Pun, wadda kujerarta ke manne da ta Yaya Ngo. Ta sa malafa mai faɗi, da baƙin tabarau, da takunkumi har biyu, tana ɗingishi. Ko a buhu aka sa ta zan gane tafiyar. Goggo ta Uku ce. Ashe shekara guda gwiwarta na ciwo, wani ya kai mata gulmar cewa ana dukanta kullum a ƙarƙashin gada, sai ta duba littafin ranaku ta zo ramuwa.

Ta zauna ta rubuta suna, tana karewa da hannu. Goggo Pun, wadda kurumta ta sa ba ta iya magana a hankali, ta ɗaga takardar ta karanta da ƙarfi, "Fok Yuet-ngo? Af! Ngo, ga wata tana son a dake ki!" Sannan ta juya ga mai malafa. "To, ko ke wace ce, doka doka ce. Ina takardar gwajinki?"

"Wane gwaji? Ni lafiyata ƙalau, gwiwa ce kawai."

Takalmin Yaya Ngo ya tsaya a sama. Ba ta waiwaya ba ta ce, "Ta Uku, cire tabarau. Muryar nan ko a lahira zan gane ta."

Goggo ta Uku ta zare takunkumi ɗaya, ta bar ɗaya. "Matar Yaya, shekara biyu kina dukana. Dubi gwiwata."

"Gwiwa? Ni kai nake nufa. Hannuna ya tsufa ke nan."

Layi ya fashe da dariya. Yaya Ngo ba ta yi ba. Ta sallami yarinyar da ke gabanta, ta ture bulon gefe, ta zaro ledar, ta jefa a cinyar Goggo ta Uku.

"Karanta. A gaban mutane nake son ganin fuskarki. Kullum kina cewa jinin ƙauyenmu ne ba shi da kyau. To ga likita ya rubuta. Abin da ya kashe Bik-wan daga gidanku ya fito. Jinin Shum, mai daraja, mai littafin ranaku. Yana iya kasancewa a jikinki yanzu haka, yana jiran rana mai sa'a."

Goggo ta Uku ta cire tabarau, ta sa na karatu. Ta daɗe tana bin layukan da yatsa. Da ta kai ƙasa, yatsan ya tsaya a kan kwanan wata.

"Yaushe aka ba ki wannan?"

Yaya Ngo ta ɗauki tsinken turare ta kunna.

"Matar Yaya, tambayarki nake. An rubuta har da 'ya'yana. Suk-han shekararta talatin da tara. Yaushe aka ba ki?"

"Kina gani ai."

"Wata ashirin da biyu." Muryarta ta sauka ƙasa har sai da na matso. "Ni wata ɗaya na ce yarinyar nan ta jira. Wata ɗaya, kuma ban san abin da nake yi ba. Ba safiyar da ba na tunawa. Ke kin sani, kika zauna a kai wata ashirin da biyu. Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, da na ce ta jira, ina kike? Kina gefena kina ɓare jatan lande. Uwarta ce ke. Kin ce uffan?"

Ban taɓa ganin fuskar Yaya Ngo haka ba. Turaren ya ƙone har ya taɓa mata yatsa ba ta ji ba. Goggo Pun, da ba ta ji rabin zancen ba, ta ce, "To in daka ko in bari?"

Goggo ta Uku ta ninke wasiƙar ta sa a jaka, ta miƙe da ƙyar. Yaya Ngo ma ta miƙe, ta kife gwangwani a kan turare, a ranar da ta fi kowace rana ciniki, ta ce da ni, "Tsare mini kujera." Ta bi bayanta.

"Ina kike bi na?"

"Asibiti. Na san ki, sai kin je gida kin duba ko yau ranar buga waya ce."

"Ni zan je da ƙafata."

"Da wannan gwiwar? Sai kaka. Kama hannuna, tsohuwar banza."

An gwada su uku. Babbar 'yar ba ta da shi. Goggo ta Uku tana da shi, amma hoto bai nuna komai ba, ta kai saba'in da uku da abin a jininta bai ce mata ko sannu ba. Wannan ya ƙona wa Yaya Ngo rai ƙwarai, ta ce ko cuta tsoron bakin matar take. Suk-han kuwa tana da shi, kuma hoto ya nuna wani ɗan abu a mamanta na dama, bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

Kwana tara Yaya Ngo ba ta ɗaga takalmi ba. Tana zuwa, ta zauna, ta kalli motoci. A rana ta biyar ta zo rumfata ta ce, "Na tambayi likita ko abin yana nan tun wata ashirin da biyu da suka wuce."

"Me ya ce?"

"Ya ce ba wanda zai iya sani." Ta ɗauki wata ƙusa tana juyawa. "Da ya ce e, da na san abin da zan rubuta a takarda in daka."

Ranar tiyata na rufe rumfa na raka ta, don tukunyar miyar kifin da ta dafa wa mai jinya ta fi ƙarfin hannunta. Muka tarar da Goggo ta Uku a kan benci a baranda. Na ji daga baya cewa littafinta ya ce ranar ba ta da kyau ko kaɗan, amma da asibiti suka ba da ita, ta ce to, ba ta ƙara kalma ba. Suka zauna a benci ɗaya, ni da tukunya a tsakiya. Awa uku muna jira, can Goggo ta Uku ta buɗe murfi ta shaƙa ta ce an cika citta.

Da likita ta fito ta ce an cire shi duka, bai bazu ko'ina ba, amma za a ci gaba da sa ido, kuma nan gaba za a yi zancen ƙwan mahaifa, Goggo ta Uku ta rufe fuska da malafa. Yaya Ngo tana kallon bango. Can ta ce, "Ban yafe ba fa."

Daga cikin malafa aka ce, "Wa ya roƙe ki? Ni ma ban yafe ba."

"To madalla."

"Madalla."

Suk-han ta warke, ta koma aikinta na koyarwa. Yaya Ngo ta koma kujerarta, shekararta saba'in da shida yanzu, hannun bai yi sanyi ba. Ko har yanzu tana rubuta sunan Ta Uku da safe, ban sani ba, ta koma kare takardar da tafin hannu, ni kuma na daina leƙe.

Goggo ta Uku kuwa ta gano cewa matan gidan Shum ba su ƙare a kansu ba. Akwai 'ya'yan baffanni a Toishan, akwai jikoki a Vancouver, akwai wata a Macau da suka yi shekara talatin ba sa magana saboda wani tiren shayi. Duk Talata takan zo ƙarƙashin gada, ta ce wai a nan waya ta fi kamawa, ta karɓi aron kujerata, ta zauna bayan ginshiƙi ta yi ta kira. Jiya na ji tana ta ihu da ta Macau ɗin.

"Ba gaisuwa na kira ba, kuma tiren nawa ne. Saurara. Ke da 'ya'yanki uku za ku je a ɗebi jininku. A'a, ba bayan biki ba. Ranar Litinin. In ba ki je ba, akwai wata mahaukaciya a nan kusa da ni, zan ba ta sunanki."

Yaya Ngo, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Tambaye ta yadda ake rubuta shi."